Kafin A Kai Ga Gaban Alƙali: Neman Lauyan Sulhu Da Tahkimi



A shekarar 1960 aka shigar da wata ƙara a kan fili a Babbar Kotun Legas, ƙarar da ɗaliban lauya suka sani da sunan Ariori da Elemo. Aka yi ta zama ana ɗagewa, aka ɗaukaka ƙara, har magana ta kai Kotun Ƙoli. A 1983 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, abin da ta ce kuwa shi ne a koma a sake shari'ar tun daga farko. Yaron da aka haifa a shekarar da aka shigar da ƙarar ya isa aure, amma ba a san mai fili ba. Tsohon labari ne, sai dai duk wanda ya taɓa zama a bencin kotu tun ƙarfe 9 na safe, sai da rana ta take aka kira ƙararsa, aka ce lauyan ɗaya ɓangaren yana wata kotun, a dawo bayan wata biyu, ya san labarin bai tsufa ba. A 2021 ma, ma'aikatan kotuna sun shiga yajin aiki daga Afrilu zuwa Yuni, kotunan ƙasar nan suka zauna a garƙame sama da wata biyu. Ɗan kasuwar da kuɗinsa suka maƙale a hannun wani, jarinsa ne ke narkewa a kullum, farashin kaya kuma ba ya jiran alƙali.

Shi ya sa a 'yan shekarun nan ake yawan jin tambayar nan a kasuwa da ofis: ina za a sami lauyan da zai kashe magana ba tare da an shiga kotu ba?

Ƙasar Hausa dai ba baƙuwar sulhu ba ce. Mai unguwa na yi a ƙofar gidansa, dagaci da hakimi na yi, liman na yi bayan an idar da salla. A kasuwannin Kano irin su Kantin Kwari da Singa da Dawanau, rigimar bashi da ta la'ada da ta kayan da suka zo ba yadda aka yi ciniki ba, da yawa a ofishin shugabannin kasuwa take ƙarewa. Hukumar Hisba ta Kano, wadda aka kafa da doka a 2003, ofisoshinta ba sa rabuwa da ma'aurata da 'yan'uwa da ake sasantawa, kuma a zamanin mulkin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau an kafa Zauren Sulhu a unguwanni. Tushen abin yana cikin addini: Suratun Nisa'i ta yi umarni, idan aka ji tsoron ɓarakar aure, a tashi mai raba gardama ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Dokar ƙasa ma ba ta yi watsi da wannan ba. A shari'ar Agu da Ikewibe ta 1991, Kotun Ƙoli ta yarda cewa hukuncin da dattawa suka yanke bisa al'ada yana iya ɗaure masu rigima, matuƙar da ƙafarsu suka je, suka amince za su karɓi abin da aka yanke, aka bayyana hukuncin, kuma babu wanda ya ce bai yarda ba a lokacin.

Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da ɗaya ya juya baya. Sai a koma neman wa ya ji, wa ya gani. Dattijon da ya raba gardamar wataƙila ya riga mu gidan gaskiya, takarda kuwa babu. A nan ne lauya ke da amfani.

Amma kafin mutum ya fita neman lauyan, ya kamata ya san hanyoyin biyu ne, kuma ba wuri ɗaya suke ɓullewa ba. A sulhu, mai shiga tsakani ba ya yanke hukunci. Zai zaunar da su, ya ji ta bakin kowa, wani lokacin ya keɓe da kowane ɓangare shi kaɗai, har su da kansu su tsayar da magana. Wanda bai gamsu ba yana iya kaɗe rigarsa ya tafi, babu abin da ya hau kansa sai abin da ya sa wa hannu. Tahkimi kuwa shari'a ce sosai, illa dai masu rigimar ne suka zaɓi alƙalinsu, su ne ke biyan sa, kuma a ofis ko ɗakin taro ake zama, ba 'yan kallo. Ana kawo shaidu, ana yi musu tambayoyi, ana miƙa takardu, daga ƙarshe mai tahkimi ya rubuta hukunci. Wannan hukunci ya hau kan kowa. Ba a ɗaukaka ƙara don kawai mutum yana ganin an yi kuskure wajen auna hujjarsa. Mutane da yawa kan shiga tahkimi da zaton irin zaman ƙofar gidan mai unguwa ne, wanda in bai yi daɗi ba a tafi kotu. Sai an yanke sannan su gane ƙofar ta riga ta rufe.

Dokar da ke tafiyar da waɗannan hanyoyi biyu a Najeriya ita ce Dokar Tahkimi da Sulhu ta 2023, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 26 ga Mayu, kwana uku kafin ya sauka. Ita ta maye gurbin tsohuwar dokar 1988 ta zamanin soja. Sharaɗinta na farko shi ne yarjejeniyar tahkimi ta kasance a rubuce, ko da a saƙon imel ne ko wani saƙon da za a iya adanawa a sake buɗewa. Idan kuwa akwai irin wannan yarjejeniya, wani ya tsallake ta ya tafi kotu, ɗaya ɓangaren ya yi ƙorafi a kan lokaci, alƙali zai dakatar da shari'ar ya mayar da su inda suka yi alkawarin zuwa.

A ɗauki misalin wani ɗan kasuwa a Dawanau da ya yi cinikin riɗi tirela biyu da kamfanin fitar da kaya na Legas. An turo masa takardar yarjejeniya da Turanci, shafi goma sha wani abu. Ya duba kuɗin tan, ya duba ranar kai kaya, ya duba lambar asusu, ya sa hannu. Can a shafi na kusa da ƙarshe akwai wani ɗan sakin layi da bai kai layi biyar ba, wanda ya ce duk saɓanin da ya taso za a kai shi gaban masu tahkimi uku a Landan. Kaya suka isa, kamfani ya ce riɗin da ƙasa a ciki kuma bai bushe sosai ba, ya zabtare kuɗi. Alhaji ya garzaya Babbar Kotun Kano. Zaman farko lauyan kamfani ya miƙe ya nuna wa alƙali ɗan sakin layin nan, shi ke nan. Yanzu Alhaji na bukatar biza da tikitin jirgi da lauyan Ingila da kasonsa na ladan mutum uku da ake biya da fam. Da ya buga lissafi ya ga kuɗin neman hakkin sun fi hakkin yawa, sai ya ce ya bar wa Allah.

Da lauyan da ya san aikin ya ga takardar kafin a sa hannu, gyaran rabin awa ne. Zai nemi a mayar da wurin zama Kano ko Abuja. Zai ce mai tahkimi ɗaya ya isa. Sabuwar dokar ma ta ce idan ba a faɗi adadi ba to ɗaya ne, saɓanin tsohuwar da ta ce uku. Zai rubuta wace cibiya ce za ta naɗa shi idan ɓangarorin suka kasa daidaitawa a kan mutum ɗaya. Zai sa sharaɗin a fara gwada sulhu na wasu makonni kafin a shiga tahkimi. Akwai kuma batun harshe, wanda jama'a ba su cika sani ba: doka ta bar wa masu yarjejeniya su zaɓi harshen da za a yi zaman da shi, sai idan sun yi shiru ne ake komawa Turanci. Wato 'yan kasuwa biyu da suka yi cinikinsu da Hausa suna da damar rubuta cewa da Hausa za a saurari rigimarsu. Haka kuma suna da damar zaɓar ƙa'idojin da za a yi hukunci da su, don haka masu son a bi hukunce-hukuncen ciniki na Musulunci su faɗa wa lauya tun farko, ya duba yadda zai tsara maganar.

Abin mamaki, ɗan kasuwarmu zai biya dillali la'ada ba musu, ya biya 'yan dako, ya biya kuɗin hanya a kowane shinge, amma kuɗin da lauya zai karɓa ya karanta masa takarda shi yake gani asara.

To, ta yaya ake gane lauyan? Matakin farko ma shi ne a tabbatar lauya ne, don baƙar kwat ba ta yin lauya. Duk lauyan gaske sunansa na cikin kundin Kotun Ƙoli da lambarsa. Kuma duk takardar shari'a da ya shirya dole ya manna mata ɗan hatimin nan na Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, wanda ke ɗauke da sunansa da lambarsa, ake kuma sabunta shi duk shekara. Mai neman lauya ya kalli hatimin nan da kyau, ya ga ko sunan da ke jiki shi ne na mutumin da ke zaune gabansa. Ƙungiyar na da rassa a Kano da Kaduna da Zariya da Katsina da Sakkwato da sauran manyan garuruwa, kuma sakatariyar reshe ta san 'ya'yanta. Waɗanda ke tare mutane a harabar kotu suna cewa "zo in kai ka wurin barista", kamasho suke nema, kuma ƙa'idojin aikin lauya sun hana farautar masu ƙara ta wannan hanya. Lauyan da ya ci amana kuwa akwai kwamitin ladabtarwa da ke iya soke sunansa daga kundin gaba ɗaya.

Mataki na biyu shi ne horo, domin ba kowane gwanin kotu ne ya iya tahkimi ba. Haruffan da ake gani a bayan sunan wasu lauyoyi a allon ofis suna da ma'ana. Akwai cibiyar masu tahkimi ta CIArb, wadda aka kafa a Landan a 1915, tana da reshe a Najeriya. Akwai ta gida, NICArb, wadda marigayi Bola Ajibola ya kafa a 1979, mutumin da daga baya ya zama ministan shari'a kuma alƙali a Kotun Duniya. Akwai ICMC, mai horar da masu shiga tsakani. A CIArb matakai ne: na farko, mai farawa da harafin A, ana samun sa da ɗan gajeren kwas; mai farawa da F sai an ci jarrabawa har da ta rubuta hukunci. Dukkan cibiyoyin nan suna da jerin sunayen mambobinsu, ana iya tambaya.

Haruffa kaɗai ba su isa ba, sai an zauna an yi magana. Mai hankali zai ce, "Barista, ka taɓa tsaya wa wani a gaban mai tahkimi? A kan wane irin ciniki? Wata nawa aka ɗauka?" Lauyan kirki ba zai faɗi sunayen mutanen ba, don sirri na cikin ginshiƙan aikin, amma zai iya cewa na kwangilar gini ne ko na haya ko na safarar kaya. Amsar da ta fi nuna gwani ita ce wadda ba ta yi wa aljihunsa daɗi ba, kamar ya ce, "Alhaji, wannan maganar ba ta kai a kashe mata kuɗin tahkimi ba, mu fara rubuta musu takarda mu nemi zama." Ƙa'idojin aikin lauya a Najeriya sun wajabta masa ya sanar da mai ƙara cewa akwai hanyoyin sasantawa kafin ya shigar da ƙara ko ya ci gaba da ita. Ba duka ke yi ba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: wanda ake biya duk ranar da ya je kotu, ɗage zama ba ya ɓata masa rai. Shi ya sa ya fi kyau a yi cinikin lada a kan aikin gaba ɗaya, a kuma rubuta.

Wani ruɗanin da ake yi shi ne haɗa lauyan mutum da mai tahkimi. Lauya na wanda ya ɗauke shi ne, shi yake karewa. Mai tahkimi na kowa ne, ko da kuwa ɓangare ɗaya ne ya kawo sunansa. Doka ta ɗora masa ya bayyana duk wata alaƙa da za ta sa a yi shakkar adalcinsa, kuma ana iya neman a cire shi saboda ita. A garuruwanmu, inda surukuta da maƙwabtaka da zaman majalisa suka sarƙe kowa da kowa, wannan tambayar ba ta raini ba ce, gara a yi ta tun ranar farko. Mai tahkimi ma ba dole ne ya zama lauya ba. A rigimar gini injiniya ko mai ƙididdigar kayan gini kan fi lauya saurin gano inda aka ci siminti, a rigimar haɗin jari kuma akanta. Wannan na cikin abin da tahkimi ya fi kotu da shi, don alƙali ba ya zaɓuwa.

Sai maganar kuɗi, wadda ake yawan ɓoye wa mutane. Tahkimi ya fi kotu sauri, amma ba lallai ya fi ta sauƙi ba. A kotu gwamnati ke biyan alƙali. A nan masu rigima ke biyan mai tahkimi da ɗakin zama da mai rubutu, ban da lauyoyinsu, kuma doka ta ba mai tahkimi damar riƙe hukuncin har sai an cika masa ladansa. Ga mai bin bashin dubu ɗari biyar, wannan ba hanyarsa ba ce.

Hanyarsa ita ce cibiyar sasanci ta kotu, wadda ake kira kotu mai ƙofofi da yawa. Wani farfesan Jami'ar Harvard ta Amurka, Frank Sander, shi ya kawo shawarar a 1976, cewa kotu ta zama gidan da mai ƙorafi zai shiga a nuna masa ƙofar da ta dace da matsalarsa. Legas ta buɗe tata a 2002, ita ce ta farko a Afirka, Abuja ta biyo a 2003, Kano a 2009, kuma Kaduna da Katsina da Borno duk suna da irinta. Mutum na iya shiga da ƙafarsa ya kai ƙorafi, ko alƙali ya turo shari'ar da ke gabansa. Idan aka daidaita, a rubuta, a sa hannu, alƙali ya amince, takardar ta zama hukuncin kotu. Wannan shi ne abin da sulhun ƙofar gida ya rasa. Kano kuma ta buɗe kotun ƙananan basussuka a 2019, inda mutum ke iya tsaya wa kansa ba lauya. Marar hali na iya tuntuɓar Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda ke aiki tun 1976.

Ofishin 'yan sanda kuwa, inda da yawa ke kai mai bashi don a ɗan razana shi, ba ya cikin ƙofofin. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniyar ciniki, kuma wanda aka tsare a kan bashi yana iya juyowa ya yi ƙarar wanda ya sa aka kama shi.

Ba kowace magana ce kuma ake kai wa tahkimi ba. Shari'ar da lauyoyi ke kafa hujja da ita a kan wannan daga Kano ta fito: rigimar Hukumar Raya Birane ta Jihar Kano da kamfanin gine-gine na Fanz, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1990. A ciki aka fayyace cewa tuhumar babban laifi da yarjejeniyar da tun asali haramtacciya ce da raba aure ba sa shiga hannun mai tahkimi. Duk lauyan da ya ce zai kashe maganar fyaɗe ko kisa a ofishinsa, a tashi a bar masa ofishin.

Wanda ke ganin ɗan sakin layin nan na tahkimi ƙaramin abu ne, ya tuna da kamfanin P&ID. A 2010 Najeriya ta ƙulla yarjejeniya da wannan ƙaramin kamfani a kan sarrafa iskar gas a Kalaba. Ba a aza ko bulo ɗaya ba. Kamfanin ya kai ƙasar tahkimi a Landan, a 2017 aka yanke a biya shi dala biliyan 6.6, kuɗin ruwa na hauhawa har suka haura biliyan 11. Sai a Oktoban 2023 Mai Shari'a Robin Knowles na Babbar Kotun Ingila ya gano cewa da zamba aka samo hukuncin: an ba wata jami'ar ma'aikatar man fetur cin hanci, an yi shaidar zur, kuma takardun sirri na lauyoyin Najeriya sun riƙa faɗawa hannun kamfanin ana tsakiyar shari'a. Ƙasa ce guda mai ma'aikatar shari'a da manyan lauyoyi, amma sai da ta shekara shida tana fafutuka kafin ta kuɓuta, kuma zambar da aka tabbatar ce ta cece ta. Sirrin da ke sa 'yan kasuwa son tahkimi shi ne ya ba ɓarnar damar daɗewa a rufe.

Ko bayan an yanke hukunci, aikin lauya bai ƙare ba. Mai tahkimi ba shi da ɗan sanda, ba shi da ma'aikacin da zai kwashe kaya. Idan wanda aka kayar ya ƙi biya, sai an kai hukuncin da yarjejeniyar gaban Babbar Kotu ta ba da izinin zartarwa, daga nan a bi shi kamar kowane hukuncin kotu. Shi kuma wanda aka kayar wata 3 kacal yake da su daga ranar da hukuncin ya iso hannunsa ya nemi a soke, kuma dalilan ƙididdigaggu ne: ba a sanar da shi zaman ba, ko ba a ba shi damar kare kansa ba, ko mai tahkimi ya yi hukunci a kan abin da ba a kawo masa ba, da makamantansu. Sabuwar dokar ta ƙara wata dama, cewa ɓangarorin na iya amincewa a kafa wani kwamiti na biyu da zai sake duba hukuncin cikin kwana 60, amma sai idan sun rubuta hakan a yarjejeniyarsu.

Masu fatauci tsakanin Kano da Maraɗi ko Damagaram suna da ƙarin tambaya ɗaya ga lauya, wato a ina dukiyar abokin cinikin take. Hukuncin kotun Najeriya ba ya tsallaka iyaka cikin sauƙi, amma na tahkimi yana da gada: Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda Najeriya ta shiga a 1970, kuma Nijar da Kamaru da Ghana duk suna ciki. Sai dai Nijar da Kamaru da Cadi na bin dokokin kasuwanci na bai-ɗaya na ƙungiyar OHADA mai ƙasashe 17, wadda babbar kotunta ke Abijan, kuma a Yamai akwai cibiyar sulhu da tahkimi da ke ƙarƙashin majalisar 'yan kasuwa. Hukuncin da aka rubuta a Kano sai an fassara shi, an kai shi gaban alƙalin can ya ba da izini kafin a taɓa shago ko asusun kowa. Don haka lauyan da za a ɗauka a irin wannan ciniki, a tambaye shi tun kafin a biya kafin alƙalami ko yana da abokin aiki a ɗaya gefen iyakar, da kuma nawa shi ma wancan zai karɓa.